Mai Zanen Ƙeya

Ƙanena ya yi suna a birni da zanen mutane ta baya. Duk wanda ya zana, ƙeyarsa za ka gani: manomi ya duƙa a kan kunya, mace da tulu a ka ta ba ka baya, 'yan dako sun jingina da buhuna suna kallon wani wuri. Masu ilimi sun yi ta bayani a kan abin. Wani malamin makaranta ya taɓa karanta mini a jarida cewa wai ƙanena yana nufin talaka ba shi da fuska a ƙasar nan. Na saurare shi har ya gama. Ni na san dalilin, don ni na jawo shi, kuma babu wani zurfin tunani a ciki. Tsoron rasa aiki ne kawai.

A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, saboda haka kada a sa ran zan tsara magana irin ta masu littafi. Abin da aka yi a gabana dai zan faɗa.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, a keke ba ka gajiya ka isa. Irin wurin nan ne da gona take manne da gona, babu daji, sai gawo da ɗorawa a tsaitsaye cikin shuka. Mu biyu ne maza da muka rayu a ɗakin Inna, shekara shida tsakaninmu. Baba ya rasu ƙanena yana ƙarami, sai na zama ni ne uban, ba don na iya ba.

Da gawayi ya fara. Inna ba ta taɓa kashe wuta ta dawo ta sami gawayinta ba. Ya san bangon kowa a garin: wanda aka yi wa sabon yaɓe yana karɓar gawayi, tsoho kuwa sai ya yi ta zuba. Wanda ya fi so shi ne bangon ɗakin shan magani, don na siminti ne, sumul. Da yake kullum a tsorace yake kada mai gida ya fito da sanda, sai hannunsa ya koyi sauri. Daga hanci yake farawa, ba ya ɗaga gawayin daga bango sai ya kewayo ya rufe haɓa. Kafin ka ɗaure tazuge ya gama ya gudu. Kuma abin da mutum ya fi ɓoyewa a fuskarsa, shi yake kamawa: harararren idon tela, leɓen mahauci da yake saki in yana yanka nama, yadda ladan yake kumbura kumatu. Kowa dariya yake yi in fuskar wani ce. In tasa ce, sai a zo wurina da ƙara. Daga baya ya ƙaro launi. Ya saci shunin wankin Inna, ya ɗebo jar ƙasa daga kududdufi, ya fasa mataccen batir ya kwashe baƙin ciki, ya dama su da ƙaro don kada ruwa ya wanke.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka yi farin nan da gero ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye. Ni lokacin na yi aure, maiɗakina tana da ciki, kuma ina aiki a wurin wani Alhaji na garinmu mai sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Dawanau. Ni nake riƙe da makullin sitonsa, ni nake awo. A shekarar ya ce in rufe siton, kada in auna wa kowa ko kwano ɗaya sai farashi ya kai inda yake so. Na rufe. Mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci suna zuwa da buhu a hammata, ina ce musu babu. Daga wannan aikin ake samun abin da ake tuƙawa a gidanmu, ban da shi babu komai.

Ranar kasuwar Tsanyawa, gari ya watse, ƙanena ya je bangon siton da rana tsaka. Ya zana Alhaji zaune a kan tulin buhuna, ya ninka tsawon mutum biyu. Bai rubuta ko harafi ɗaya ba, ba a kuma buƙata. Ga haƙorin Makka, ga ƙurjin gefen hanci, ga idon nan ɗaya da yake kannewa in yana faɗin farashi. Kafin la'asar duk wanda ya dawo daga kasuwa ya tsaya a wurin. Matan da ba sa fita suka riƙa tambayar mazajensu yadda abin yake.

Alhaji ya kira ni zaurensa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ɗan gidanku ne ko?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Yaranta ce."

Ya ce, "Ban ce ka dake shi ba. Ni dai ba na son in sake ganin fuskata, ko ta wani, a bangon garin nan. In gidanku ya fi ƙarfinka, ka gaya mini, don sito ya fi gida wuyar riƙo."

Da hannuna na je wanke bangon. Ƙaron ya kama, ya ƙi fita, sai da na kwaɓa laka na yaɓe shi gaba ɗaya, mutane suna tsaye suna kallona. Da na gama ban ko wanke ƙafa ba, na kamo ƙanena na kai shi ɗakin Inna. Na sa shi ya yi alwala, na sauko da gafakar Baba, na buɗe Alƙur'ani a gabansa.

Na ce, "Dafa. Ka rantse ba za ka sake zana fuskar ɗan Adam ba."

Ya ce, "Yaya, in ce ta Alhaji dai."

Na ce, "Ta kowa."

Inna ta ce, "Kai, ka rage masa. Rantsuwa ba a ɗaure ta da faɗi haka."

Ban saurare ta ba. Ina ganin in na bar masa ƙofa ko ƙanƙanuwa, ta nan zai fita. Ya dube ni ya ce, "Har yaushe?" Na ce har ya mutu. Ya dafa ya rantse, ya miƙe ya fita. Bai yi kuka ba, bai kuma ci tuwo a gidan ba kwana biyu.

Don a san irin cinikin da na yi: damina ɗaya Alhaji ya ƙara bar mini makullin, sannan ya karɓa ya ba ƙanin matarsa.

Ƙanena ya tafi Dawanau ya shiga dako. Ba a daɗe ba ya koma wurin masu fentin manyan motoci, irin masu bodin katako da suke lodin hatsi zuwa kudu. Ni ma da na rasa aiki, rani ya riƙa kai ni can ina dako, shi ya sa na ga yadda hannunsa ya riƙa canzawa, ba labari aka ba ni ba.

Da farko abin da kowa yake yi shi ma yake yi: furanni, masallaci, jirgin sama, zaki, zangarniyar gero. Yana yi dai, amma kana gani ka san babu ransa a ciki. Wata rana wani direba ya ce shi ɗan dambe yake so a ƙofar baya. Ina wurin, na zo karɓar ruwa. Ƙanena ya daɗe yana juya buroshi a hannu, sannan ya zana ɗan damben ta baya, ya ware ƙafa, dunƙulen hannun a naɗe, jijiyar wuya ta tashi.

Direban ya zo ya duba ya ce, "Kai malam, ina fuskar? Kunya yake ji?"

Ƙanena ya ce, "Abokin karawarsa yake kallo. Kai a bayansa kake, ai kai nasa ne."

Direban ya yi dariya ya ce shi ke nan, a bar shi haka. Kafin ƙarshen ranin motoci da yawa a kasuwar suna ɗauke da mutanen da suka ba da baya.

Sai shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu suka shigo, fenti ya zama abin da ba kowa yake taɓawa ba, masu mota suka ce cikinsu ya fi musu bodi. Ƙanena ya riƙa bi yana tsintar gwangwanayen da aka yar, yana kankare ɗan abin da ya rage yana haɗawa da kananzir. In ka haɗa ragowar launi iri-iri, abin da yake fitowa kalar ƙasa ce, ba ja ba, ba toka ba. Wannan kalar da 'yan birni suke yabo yanzu, daga bola ta fito. Da gwangwanayen ma suka yi wuya, ya koma wa kayansa na ƙauye, jar ƙasa da shuni da ƙaro. Tunda babu motar da zai zana, sai ya riƙa samun tsofaffin buhunan algarara yana farkewa, ya ɗame su a kan katako, ya shafe da farar ƙasa, ya yi zanensa a kai, ya rataya a rumfar da yake kwana. Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake saye.

Saurin nan na da ya tafi, don yanzu ba mai korarsa da sanda. Sai ya yini a bayan 'yan dako yana kallon yadda buhu yake karkatar da kafaɗa, yadda wanda ya ci abinci yake tsayawa da yadda wanda bai ci ba yake tsayawa. Wuya ɗaya sai ya ci masa kwana uku. Ya taɓa ce mini, "Yaya, mutum yana gyara fuskarsa in ya ga ana kallonsa. Bayansa kuwa bai san da shi ba." Na ce masa ya nemi sana'a. Na kuma lura ko magana yake yi da kai, kafaɗarka yake kallo. Na tambaye shi ko raini ne. Ya ce a'a, in ya kalli fuska hannunsa ƙaiƙayi yake yi, shi ya sa ya daina kallo. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

A wannan rumfar wani malamin kwaleji daga birni ya ga zane-zanen nasa, ya zo sayen wake. Shi ya fara ɗaukar zanen yana kaiwa ana gani. Amma wannan daga baya ne ya yi ƙarfi, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Cikin da maiɗakina take da shi shekarar rantsuwar, mace ta haifa. Ita ce ta fari. Ta yi shekara bakwai a duniya. Ita take kawo mini fura gona, kuma ba ta taɓa kawowa ba tare da ta kurɓa a hanya ba, ta zo da farin gashin baki tana rantsuwa ba ta taɓa ba. In ƙanena ya zo gida da salla sai ta manne masa. "Baffa, zana ni." Shi kuma sai ya tsuguna ya zana mata kaza a ƙasa da tsinke, ya ce ga ki nan. Ta ce ita ba kaza ba ce, ya ce to ga akuya.

Ƙyanda ce ta ɗauke ta, da bazara, cikin kwana biyar. A shekarar ta ɗauki yara da dama a garin, ba mu kaɗai ba ne, kuma na san Wanda ya ba ni ita Shi ya karɓa. Ba wannan nake ƙorafi ba.

Ba mu da hotonta. Akwai mai hoto da yake kafa labulensa a kasuwar Tsanyawa, na sha wuce shi da ita a kan keke. Kullum ina cewa sai da salla, in an yi mata sabbin kaya. A shekarun nan ba a yi sabbin kayan ba.

Ina cikin noman firi, wato noman farko, bayan rasuwar da kamar wata uku, na tsaya in huta, na so in tuno fuskarta. Sai na ga tana zuwa tana komawa. In na kama idanun, bakin ya gudu. In na kama bakin, sai ya zama na wata yarinyar maƙwabta. Na jefar da fartanya na zauna a kan kunya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka binne ta. Ban gaya wa maiɗakina ba, don kunya nake ji. Wane irin uba ne wannan? Daga nan na riƙa gwada kaina kullum da safe, kamar mai duba rumbu, kullum kuma sai in ga ya ragu.

Mutum ɗaya na sani a duniya da yake iya ɗauko fuska daga kansa ya ajiye a bango, kuma ni na ɗaure masa hannu.

Na sami limaminmu bayan azahar yana gyaran igiyar jakinsa. Tsoho ne da ba ya son doguwar magana. Na gaya masa komai.

Ya ce, "Kai ka sa shi rantsuwar?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Da za ka ɗaure ba ka zo ka tambaye ni ba, sai da za ka kwance." Ya ci gaba da tufka igiyarsa. Can ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. A ciyar da miskinai goma, kowa mudun Annabi na abin da kuke ci. Amma shi ya rantse, shi zai yi niyya, da hannunsa zai bayar. Kai ba ka da iko a kai."

Na ce, "To zanen fa, Malam?"

Ya ce, "Abin da ba shi da inuwa malamai sun yi sauƙi a kansa, ban dai ce maka lada za ka samu ba. Ni da za ka ji tawa, ka yi mata addu'a ka bar ta ta huta."

Ban ji tasa ba. Washegari na hau bas zuwa Dawanau. Na sami ƙanena a rumfarsa yana dama jar ƙasa a sakaina. Tun gaisuwar rasuwa ba mu haɗu ba. Na daɗe ina kewaye-kewaye, ina tambayar farashin dawa kamar saye zan yi, kafin na iya faɗa. Ban taɓa roƙonsa komai ba tun da aka haife shi.

Ya ce, "Yaya, ka ce har in mutu."

Na ce, "Na faɗa. Yanzu na ce ka kwance."

Ya ce, "Da kai na yi wa rantsuwar da da sauƙi."

Na gaya masa abin da liman ya ce, na ce hatsin ni zan bayar. Ya ci gaba da juya sakainar. Sannan ya ce zai zo, amma bai yi mini alkawarin komai ba. Ni ban ji wannan ƙarshen ba, na ji zai zo kawai.

Tsakiyar damina ce, lokacin da rumbu ya kusa ƙasa, sabo bai nuna ba. Na shiga na kankaro geron da ya rage, maiɗakina tana tsaye tana kallona, Inna tana cewa me za a ci. Na ce za a ci tafasa. Neman miskinai goma a shekarar bai ba mu wuya ba. Mun faɗa wa mutum uku, kafin hantsi zaure ya cika, sai da na ba sauran haƙuri. Ƙanena ya yi niyya, ya auna wa kowa da hannunsa. Wani tsoho da ya karɓa ya tambaye ni ko akwai wata rantsuwar a gidan da za a karya nan kusa.

Kwana uku muka yi a zauren. Ya zo da takardun buhun siminti da ya yayyanka, da gawayin da ya fere. Na zauna a gefensa ina faɗa masa. Na ce hancin irin na uwarta ne, amma bai kai shi tsawo ba. Goshin nawa ne. Idanun manya. Yana ji yana zanawa. Na lura yana ɗaga gawayin yana mayarwa, yana gogewa da babban yatsa. Mutumin da da yake gama fuska a layi ɗaya.

Ta farko da ya gama yarinya ce kyakkyawa, amma ban san ta ba. Na kira maiɗakina. Tsakaninta da ƙanena da akwai wasa, ba sa haɗuwa ba ta tsokane shi ba, tana kiransa mai zanen kaji. Ranar ta leƙo daga bakin ƙofa, ta duba, ta ce, "Ba ita ba ce," ta koma. Ta biyu ma haka. Ta uku ta ɗan daɗe tana kallo, sai ta ce wannan ai ƙanwarta ce ta Rimin Gado tana yarinya.

A rana ta biyu muka zo kan tabon. Yarinyar tana da ɗan tabo a gira, inda ta faɗi a kan turmi tana koyon tafiya. Na ce a dama yake. Maiɗakina daga tsakar gida ta ce a hagu. Na ce ni na ɗauke ta ranar da ta faɗi. Ta ce ita ta yi shekara bakwai tana wanke mata fuska. Muka juya ga ƙanena, shi da yake da idon da babu irinsa a ƙasar nan. Ya sunkuyar da kai ya ce bai san tana da tabo ba.

Na ce, "Kai ne fa ka zana Alhaji har da ƙurjin hancinsa, ba ya gabanka."

Ya ce, "Shi na kalle shi, Yaya. Shekara da shekaru ina kallonsa."

Na ce, "Ita fa? A cinyarka take zama."

Ya ce, "Ina kawar da kai. Ita na fi kawar wa kai ma, don ita hannuna ya fi so."

Bai ce ni na jawo ba. Da ya faɗa da na sami abin yin faɗa a kai.

Duk da haka na sa shi ya ci gaba. A rana ta uku da safe, na yi gwajin nan nawa da na saba, na rufe ido in kira fuskarta. Ta zo, sarai, ba ta rawa. Na yi murna na ɗan lokaci, kafin na gane abin da nake gani. Zane na biyar ne, wanda ya yi jiya da yamma. Na ture shi, sai na uku ya zo. Na nemi ɗan abin da nake da shi kafin mu fara, idanun nan da suke zuwa suna komawa, na rasa. Gawayi ya hau kansu ya zauna. Kwana biyu na yi ina ƙura wa fuskokin ƙarya ido ina neman ta a cikinsu, su kuma suna shiga kaina suna kore ta.

Na shiga zauren yana fere gawayi. Na ce ya isa. Na tattara takardun duka, na kai murhu na cusa. Bai hana ni ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya yi wa Inna sallama, ya bi motar hantsi ya koma. Geron ya tafi, rantsuwar ta kwance, ni kuma abin da na fito da shi bai kai abin da na shiga da shi ba.

Sai bayan an yi girbi ya dawo, da wani abu a naɗe cikin tabarma. Ba ni ya ba, maiɗakina ya miƙa wa, a tsakar gida, ina zaune ina gyaran lauje. Ta warware.

Algarara ce irin tasa. Hanyar gonarmu ce, gero ya yi kai a dama da hagu. Ga yarinya tana tafiya ta ba mu baya, da ƙwaryar fura a ka. Hannu ɗaya ya riƙe ƙwaryar, ɗayan yana baya yana jan zanen da kullum yake kwance mata. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama tashi. Kitson ya tsufa, jela ɗaya ta miƙe ita kaɗai. Dunduniyar ƙafar dama tana ɗan leƙawa waje, yadda take takawa.

Maiɗakina ta ƙura wa zanen ido. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ɗora abin a cinya. Inna ta zo ta duba da idonta da ya fara hazo, ta kira sunan yarinyar kamar za ta aike ta.

Ita ce. Babu gardama a kan wannan. Duk wanda ya san ta a garin, in ya gani sai ya ambace ta. Amma ni ba abin da na roƙa ke nan ba, na kuma faɗa masa a wurin. Ya ce, "Shi nake da shi, Yaya."

Tun daga nan rantsuwa ba ta kansa, yana da damar zana fuskar duk wanda ya ga dama. Bai koma ba. Na tambaye shi sau ɗaya, bayan ya koma birni da zama, ya ce ya gwada, hannun ya riga ya tafi wani wuri. Yanzu yana da ɗakin aiki da fanka, ana zuwa daga nesa ana tsayawa a gaban ƙeyoyin 'yan dako ana gyaɗa kai. Ni ina nan ina noma gonar Baba da ta ƙanƙance. Muna gaisawa, yana aiko wa da yara kayan salla, ina karɓa. Malamin kwalejin nan ya taɓa biyo shi har ƙauye don ya ga zanen yarinyar, ya so a ba shi aro a kai birni. Maiɗakina ta ce ko ƙofar ɗaki ba zai fita ba.

Zanen yana nan a ɗakinta, sama da jeren kwanuka. Yaran da muka haifa daga baya da shi suka san yayarsu. In baƙo ya tambaya sai su ce, "Yayarmu ce, gona za ta." Kowannensu kuwa kafin ya yi wata shida na kai shi wurin mai hoto, da tsumman da yake jikinsa.

Ni ba na yawan shiga in tsaya a gabansa. In na rufe ido har yau zane na biyar nake gani, na san kuma ba ita ba ce. Maganar tabon ma mun daina. Maiɗakina ta ce a hagu yake, kuma tunda ni ba ni da abin da zan duba in ƙaryata ta, na bar mata a hagun.